Mun gwada zaman shawara na onlayin kan yadda ake zama lauya

Ƙanwata ta gama digiri a fannin tarihi, shekara biyu kenan maganar zama lauya na cin ranta, kullum sai ta ce min Yaya ni fa na makara tunda ban karanci shari'a tun farko ba. Abin yana damuna wallahi don na san irin ƙwaƙwalwarta. Shi ya sa da na ga wani kamfani yana haɗa mutum da lauya ta Zoom na awa ɗaya don shawarar karatu, na biya mata, na zauna a gefe ina saurare.

Wata barista aka haɗa mu da ita. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, ƙanwata, kafin komai a wace ƙasa kike so ki tsaya gaban alƙali? Yarinyar ta yi shiru, biro a hannu. To a nan kuɗina ya fita, don ashe lasisin lauya ba ya tsallaka iyaka haka kawai, kowace ƙasa da ƙofarta, mu kuma duk lissafinmu a kan jami'a yake ba a kan inda za a yi aikin ba.

Sai ta shiga warwarewa. A Amurka ma ba a fara shari'a a digirin farko, sai ka gama wani digirin ko na tarihi ne ko na lissafi, yawanci ka rubuta jarabawar shiga makarantar shari'a da ake kira LSAT, ka yi shekara 3 ka samu digirin shari'a na JD, sannan jarabawar lauyoyi ta jihar da kake so. Kun ga abin da ƙanwata ke kira makara a can shi ne daidai lokaci, na ga fuskarta ta washe a take. Har akwai jihohi irin su Kaliforniya, Bajiniya, Bamont da Washinton da suka yarda mutum ya koya a ofishin lauya ba tare da makarantar shari'a ba, irin yadda Abraham Lincoln ya karanta da kansa ya samu lasisi a 1836, amma barista ba ta ɓoye mana ba, ta ce hanyar akwai wuya sosai, ba wai sauƙi ba ce.

Inda ta fi daɗewa Ingila ne, kuma nan na fi jin daɗinta. Can aikin kashi biyu ne, akwai solisita mai zama da masu ƙara yana shirya takardu, akwai barista wanda ya fi tsayawa a kotu. Tun 2021 aka kawo jarabawar SQE ga mai son zama solisita, digirinka na kowane fanni ya isa, kashin farko tambayoyi 360 ne na zaɓi, na biyu gwajin aiki ne kamar hira da mai ƙara da rubuta takarda, sai shekara 2 na aikin koyo wanda za ka iya haɗawa daga wurare har huɗu. Yaron da ya gama sakandare ma zai iya shiga ofis ana biyansa albashi yana karatu kusan shekara 6 ya fito solisita. Mai son barista kuwa in digirinsa ba na shari'a ba ne sai ya yi kwas ɗin sauya fanni, ya shiga ɗaya daga ƙungiyoyin baristoci huɗu na Landan irin su Lincoln's Inn, ya yi kwas ɗin aikin, sannan shekara guda ƙarƙashin babba.

Najeriya ta taɓa ta a gurguje, digirin shari'a na LLB shekara 5 ko 4 ga mai shiga aji biyu kai tsaye, sai makarantar horar da lauyoyi shekara ɗaya, wanda ya karanto a waje kuma sai ya fara da ƙarin kwas. Faransa ko ambatonta ba ta yi ba sai da na tambaya, alhali can alƙalanci makarantarsa daban a Bordo, lauya kuma horon wata 18 yake yi kafin ya karɓi CAPA, wato takardar shaidar zama lauya. Mai son wannan tsarin gaskiya ba zai ƙaru da zaman nan ba.

Abin da ya sosa min rai shi ne mintuna goman ƙarshe, an cinye su da tallan kwas ɗin kamfanin na shirin jarabawa, ga yarinya da tambaya a rubuce kan tallafin karatu ba ta samu yi ba, takardar bayanin da suka ce za su turo ta imel kuma sai da na bi sawu sau biyu. In za ku yi zaman, ku fara da tambayoyinku tun minti na farko. Ita dai a daren ta buɗe shafin hukumar da ke shirya SQE, ta sauke samfurin tambayoyin, har na kwanta fitilar ɗakinta a kunne take.