Lesin ɗin lissafin da na sa ƙanwata a unguwarmu

Wata biyu kenan da na sa ƙanwata a wani lesin na yamma nan bayan layinmu saboda WAEC ta matso, ita kuma in ta ga lissafi kamar ta ga dodo. Ranar Asabar na je ɗauko ta da wuri sai na tsaya ta taga ina leƙe, wallahi har na manta a tsaye nake.

Darasin ranar shi ne lissafin nan na in abu ɗaya ya ƙaru ɗayan ya ragu, da misalin firesha, wato ƙarfin dannawar abu a kan wuri, da faɗin wurin. Malamin bai ko taɓa allo ba tukuna, bulo inci 9 ya sa yara biyu suka kinkimo, ya kwantar da shi ta gefe a kan yashi, ɗan shaida kaɗan ya bari, sai ya miƙar da shi tsaye ta kai, sai ga shi ya fi nutsewa. Ya ce nauyin dai bai canza ba, to me ya canza? A nan ne ya rubuta P = k/A, P ita ce firesha, A kuma faɗin wurin. Ya ɗauki nauyin a niyuton 200 (ma'aunin ƙarfin nauyi ke nan), a kwance faɗin wajen 0.1 na murabba'in mita, firesha faskal 2,000 (faskal ma'aunin firesha ne), a tsaye 0.05, ta koma 4,000, faɗi ya rabu biyu ita ta ninka, kuma ko ta ina ka buga P sau A 200 ɗin nan za ka samu, shi ne k ɗin. Ni a makaranta haddace mana kawai aka sa muka yi.

Da wata yarinya ta ce ba ta gane ba ya ce ke me ya sa ake naɗa gammo kafin a ɗora tulu, aji ya fashe da dariya, ta gane kuwa.

Inda suka gaza, ɗakin ya yi musu kaɗan, benci ɗaya mutum biyar, fanka ɗaya ita ma sai in an kawo wuta, ga shi malamin ba ya duba aikin gida sosai, littafin ƙanwata sati biyu ba jan biro a ciki, na kuma faɗa masa. Kuɗin wata ma ya ɗan ji gishiri. Duk da haka na biya na wata mai zuwa, jiya na same ta a kicin tana yi wa Umma bayanin dalilin da wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya yanka albasa, Umma ta ce ta bar surutu ta yanka kawai.