Hayar katafila a ƙasar duwatsu: ku fara tambayar kan da za a ɗaura mata

Kamfanin da ƙungiyar garinmu ta yi hayar katafilar haƙa a wurinsa ya ci yabo a wajena, amma yabon da sauransa. Mu a yankin Birnin Kudu muke, aikin kuwa magudanar ruwa ce daga bakin kasuwa zuwa kududdufin gabas, don duk watan Agusta sai ruwa ya kwanta a rumfunan masu hatsi. Ni aka ɗora wa tsayawa a kan aikin, abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Abin da ya fara burge ni, kafin a yi maganar kuɗi sai da suka turo mutum daga Kano ya taka layin da ƙafarsa, yana caka rodi a ƙasa. Da mai gari ya ce masa babbar mota muke so, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, girman mota ba shi ke fasa dutse ba, kan da aka ɗaura mata ne." Ya nuna mana ƙasa iri uku a layi ɗaya: rairayi da laka a farko, marmara a tsakiya, sai falalen dutse dab da kududdufin. Wanda ya san Birnin Kudu ba zai yi mamaki ba, duwatsun da ake gani a sama 'yan'uwansu na kwance a ƙarƙashin gonaki.

CAT 320 suka kawo a kan tirela, mai nauyin tan 20 da ɗoriya. Bokitinta na asali yana kwasar kusan kubik mita ɗaya, ya fi ƙarfin magudanarmu faɗi, shi ya sa suka haɗo da siriri mai faɗin santimita 60. Wannan kaɗai ya rage mana cikon ƙasa da kankare. A rairayi babu wani labari, ta wuce.

A marmara ne na ga aikin rifa, wato ƙugiya mai haƙori ɗaya. Da bokiti direban ya fara gwadawa, haƙoran suna karta suna zamewa, gas yana ƙonewa a banza. Da aka ɗaura ƙugiyar sai ƙarfin motar duka ya taru a wuri guda, marmarar tana tashi ɓawo-ɓawo, bokiti ya biyo baya yana kwashewa. Masu haƙa tafki ko gurbin gini a wurarenmu, kada ku yarda a kawo muku mota babu ita.

Dutsen kuwa sai da bureka, wato kan da ke dukan dutse da dogon bakin ƙarfe har ya fashe. A nan na tsaya na kalli direban da kyau, don ya san aikinsa. Daga gefen falalen yake farawa, ba tsakiya ba. Zai kafa bakin a tsaye cak, ya danna da nauyin motar, sannan ya saki duka. In daƙiƙa 15 zuwa 20 ta wuce dutse bai tsage ba, sai ya matsa gaba kaɗan. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Alhaji, in na dage a wuri ɗaya bakin zai yi zafi ya daku, ƙura kawai zan riƙa niƙawa." Ba ya barin ta buga iska, ba ya ɓanɓarar dutse da ita, kuma duk bayan awa biyu yaronsa yana ɗura mata giris. Wani abu da ya kamata a sani: ba kowace katafila ke da layin man da bureka ke sha ba. A tabbatar kafin a biya kuɗin tirela.

Wani ɗan ƙungiya ya kawo shawarar babban zarton da ake ɗaura wa katafila, wanda ya gani a Facebook yana yanka dutse sumul. Mutumin kamfanin bai ruɗe mu ba, ya ce wannan ya fi dacewa da dutse mai taushi, irin namu mai ƙarfi haƙoransa zai cinye, kuɗin ya koma kanmu. Na ji daɗin gaskiyar nan.

To, ga inda suka ɓata min rai. Akwai daɓen kankare a gaban tasha da dole magudanar ta ratsa, kuma daidai ne a fara yanka gefe biyu da zarto kafin bureka ta shiga, don kada tsagewar ta bi ta cinye sauran daɓen. Faifan inci 14 suka kawo, wanda zurfin yankansa bai wuce inci 5 ba, daɓen kuma ya fi haka kauri. Sannan suka fara yankan a bushe. Faifan mai haƙoran daimon da ruwa ya fi yin aiki, ruwan ke sanyaya shi, shi ke kwantar da ƙura. Farar ƙurar nan ta turnuƙe masu shayi da mata masu ƙosai, alhali ita ce ke taruwa a huhu ta yi illar da ba ta warkewa. Yaron da ke riƙe da injin ko takunkumi babu. Sai da na tsayar da aikin, muka sa 'yan garuwa suka kawo ruwa.

Na biyu, motarsu ba ta da maƙalar sauya kai cikin sauri. Duk sauyi sai an fitar da fil da guduma, injin yana kunne, agogonsa yana ƙirga mana awa.

Zan sake ɗaukar su, musamman in da direban nan za a zo. Amma a takardar yarjejeniya zan sa a rubuta kawunan da za su zo da su ɗaya bayan ɗaya, da girman faifan zarto, da tankin ruwansa, da cewa lokacin sauya kai ba a kanmu yake ba.