Shekarar TY a Ireland: abin da muka biya da abin da yarinyata ta samu

Tun da aka yi bikin rufe shekara a ƙarshen watan Mayu mata uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, biyu a masallaci ɗaya ta waya, wai don Allah TY ɗin nan akwai amfani ko ɓata wa yaro shekara ne kawai. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, tunda ta farin tawa ta gama nata kuma na ga komai da idona.

Ga wanda bai sani ba, a nan Ireland yaro yana shekara uku a ƙaramar sakandare ya rubuta jarabawar Junior Cycle, sannan ya yi shekara biyu na shirin Leaving Cert wadda da makinta ake shiga jami'a. A tsakanin su ne aka sa shekara guda da ake kira Transition Year, kowa TY yake cewa, yara 'yan shekara 15 zuwa 16, babu jarabawar gwamnati a ƙarshenta ko ɗaya. Ba sabon abu ba ne, tun 1974 wani ministan ilimi Richard Burke ya fara ta a makarantu uku kacal, a 1994 aka baza ta ƙasa baki ɗaya. Wasu makarantun dole ne wasu kuma zaɓi, tamu zaɓi ne, har da cike fom da 'yar ganawa da malamar da ke kula da shirin.

Abbansu da farko cewa ya yi sam. Mu da muka saba daga JSS3 sai SS1 ba tsayawa, ya ce wace irin shekara ce yaro zai je makaranta ba jarabawa, ai wasa zai koya. Ni ma zuciyata rabi da rabi take, sai dai na san 'yata, yarinya ce mai ƙoƙari a takarda amma ko odar abinci ba ta iya bugawa a waya, in baƙo ya shigo gida sai ta shige ɗaki. Da ƙyar na shawo kansa.

Maganar kuɗi tukuna don ita mutane ke ɓoyewa. Mu Yuro 400 makarantar ta karɓa na shekarar, a ciki akwai motar fita yawon buɗe ido, masu zuwa koyar da taimakon gaggawa, da kwana ɗaya a wani sansani. Amma kada wani ya ce miki shi ke nan, duk bayan 'yan makonni sai ga saƙo a waya, kawo goma kawo ashirin, ga kuɗin bas na zuwa wurin aiki. Sannan tafiyar ƙasar waje daban take, kusan ninki biyu na kuɗin shekarar, mu ba mu iya ba, kuma wallahi satin da 'yan ajinsu suka tafi ta zauna da yara ƙalilan a aji suna ganin hotuna a waya ya yi mata ciwo, ni ma ya yi min. Wannan abu ne da ya kamata makarantu su duba, ba kowane gida ke da wannan ƙarfin ba.

Sai koyon aiki, wanda shi ne zuciyar abin. Tamu makarantar sati biyu take bayarwa a Nuwamba, sati biyu a Fabrairu, wasu makarantun kuma rana ɗaya ce duk mako. Abin da ba a gaya mana da wuri ba shi ne yaro ne zai nemo wurin da kansa, makaranta takardar inshora kawai za ta ba shi. 'Yan ajinsu da aka haifi iyaye da kakanni a garin, wannan kawunsa na da gareji, waccan gwaggonta na aiki a ofishin lauya, kira ɗaya an gama. Mu wa muka sani? Ta rubuta CV ta tura wurare sun fi goma shiru, manyan wurare irin asibitoci kuwa ashe tun kafin a koma makaranta ake cike gurbin. Ranar wata Asabar na ce ta sa hijabinta mu fita, na tsaya a bakin titi ita ta riƙa shiga shago shago da takardarta a hannu, na farko ta fito ido ya cika da hawaye ta ce Umma ni ba zan iya ba, na ce za ki iya, shiga na gaba. A na biyar wani kantin magani suka ce ta zo ran Litinin. Jera kaya ta yi da duba ranar lalacewar man shafawa da share kanta, ba wani babban aiki ba, amma ta koyi tashi da asuba ta kama bas cikin sanyin Nuwamba, ta koyi cewa sannu da zuwa ga mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Na Fabrairu shi ne wanda ba zan manta ba. Gidan kula da tsofaffi ta samu, kuma da yake ta cika 16 sai da aka yi mata tantancewar 'yan sanda da suke kira Garda vetting, da sa hannun iyaye, ya ɗau makonni don haka a fara da wuri. Aikinta raba shayi da zama hira. Akwai wata tsohuwa da hannunta ke rawa ba ta iya riƙe kofi, kullum ita ke tallafa mata ƙasan kofin har ta shanye, tsohuwar tana taɓa bakin hijabinta tana cewa su ma da ba sa shiga coci kai a buɗe. Kuma kullum sai ta sake tambayar sunanta kamar ranar suka fara haɗuwa. Rana ta uku ta dawo gida ko takalmi ba ta cire ba ta ce Umma ba ni lambar Hajiya, ta kira kakarta a Zariya suka yi kusan awa, yarinyar da da sai na matsa mata take gaida ta a tsaitsaye. Ina kicin ina jin su ina share ido.

Aikin sa kai kuma ta yi shi ne ta hanyar Gaisce, ana furta shi kamar gashka, lambar yabo ce ta shugaban ƙasa ga matasa. Matakin tagulla sai ka yi sati 13 kana yi wa al'umma hidima, sati 13 na koyon wata fasaha, sati 13 na motsa jiki, ka ƙara wasu 13 a ɗaya daga ciki, sannan tafiyar ƙafa ta kwana biyu da kwana a waje. Ita shagon kayan gwanjo na wata ƙungiyar agaji da ake kira Vincent's take zuwa duk Asabar tana ware tufafi. Tafiyar ƙafar a tsaunukan Wicklow aka yi, a nan ne Abbansu ya sake tayar da magana, kwana a waje kuma? Na je na samu malamar na tambaye ta komai ba kunya, ɗakin mata daban da malama mace, abinci na haɗa mata nata, wurin salla aka ba ta. Duk uwar da ke da wannan damuwar ta je ta yi tambaya, ni dai ban ga an ƙi saurara ta ba.

Sun kuma kafa ɗan kamfani su huɗu, zoɓo suka yi, muka sayo busasshe a shagunan 'yan Afirka na Moore Street a Dublin, da citta da kanumfari, suka zuba a kwalabe suka sayar a kasuwar makaranta ta watan Disamba. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, sun ma yi faɗa a kan wa zai wanke kwalabe, amma yanzu ta san bambancin uwar kuɗi da riba.

Inda ban ji daɗi ba, bayan hutun Ista abin ya yi sanyi sosai. Sai ta dawo in ce me kuka yi yau ta ce fim muka kalla, gobe ma haka, wasu yaran ma suka daina zuwa. Lissafi kuwa ya yi baya, don ana yin darasin amma ba matsi ba aikin gida na kirki, kuma shekara ta biyar, wato farkon shirin Leaving Cert, ba ta jiran kowa. Dalili shi ne kowace makaranta ita ke tsara nata TY ɗin, shi ya sa za ki ji wata uwa na yabo wata na zagi kuma duka gaskiya suke faɗa. Kafin ki sa hannu ki nemi jadawalin shekarar gaba ɗaya, ki tambayi iyayen waɗanda suka gama bara, musamman me ake yi a Afrilu da Mayu.

Ni tauraro huɗu cikin biyar na ba shi. Daren rufewa ta tsaya gaban iyaye cike da zaure ta yi bayanin gidan tsofaffin na minti uku ba takarda a hannu, na waiga na ga Abbansu ya ɗaga waya yana ɗauka hannunsa na rawa. Ƙaninta yana shekara ta biyu yanzu, shi ma zai yi in sha Allah, amma wannan karon tun hutun bazara za mu fara neman wurin aiki, kuma zan sa masa lesin ɗin lissafi sau ɗaya a mako tun daga Satumba.