Sharhi a kan kayan haɗa jirgin RV-7A na kamfanin Van's Aircraft

Shekara huɗu da 'yan watanni na yi ina taya wani dattijo maƙwabcina, a nan Amurka inda nake zaune, haɗa ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum biyu a garejin gidansa, kuma tun da jirgin ya tashi 'yan uwa suke tambayata ko da gaske ne mutum na iya sayen jirgi a cikin akwatuna ya ɗinke shi da hannunsa. Gaskiya ne, sai dai kuma abin da ake sayarwa a cikin akwatunan nan aiki ne mai tsawo wanda aka tsara shi da kyau, kuma wanda bai fahimci haka ba tun farko zai bar kayan suna shan ƙura a gareji kamar yadda mutane da yawa suka bari.

Jirgin da muka haɗa shi ne RV-7A na kamfanin Van's Aircraft da ke garin Aurora a jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, kuma jiragensa da suka kammalu suka tashi sun haura dubu goma. Mutanen Kaduna sun san wan wannan jirgi ko da ba su san asalinsa ba, domin Air Beetle da aka riƙa haɗawa a Kaduna don horar da matuƙan rundunar sojan sama ta Najeriya, har guda 60, daga samfurin RV-6A aka ɗauko shi. RV-7 shi ne ya gaji RV-6 a shekarar 2001, harafin A kuwa yana nufin tayar ta uku a gaba take, ƙarƙashin hanci, maimakon a wutsiya. Faɗin fukafukansa ƙafa 25 ne, tankunansa biyu na cin kimanin lita 159, nauyinsa da kaya da mutane ba zai wuce kilo 816 ba, kuma da injin Lycoming mai ƙarfin doki 180 yana tafiyar kusan kilomita 320 a awa guda.

Kayan suna zuwa ne kashi-kashi, kuma wannan tsari na daga cikin abubuwan da na fi yaba wa kamfanin. Ana fara sayen na wutsiya, wanda shi ne mafi araha, sannan fukafukai, sannan gangar jiki, sannan kayan kammalawa da suka haɗa da murfin inji da rumfar gilashi da ƙafafu. Inji da farfela da na'urorin gaban matuƙi lissafinsu daban ne, kuma idan aka haɗa kuɗinsu sukan zarce na dukan alminiyam ɗin jirgin, abin da sabon shiga ba ya cika lura da shi sa'ad da yake duba farashi. Amfanin farawa da wutsiya shi ne mutum zai gwada kansa da kuɗi kaɗan, ya gane ko yana da haƙurin wannan aiki kafin ya zuba dukiyarsa.

Inda kayan suka yi fice shi ne hujin da aka riga aka yi wa falankan alminiyam a masana'anta. Magina na zamanin RV-6 sai sun kafa katakon daidaitawa, sun auna, sun zana layi, sun huda kowane rami da kansu, kuma kuskuren awo kaɗan kan karkatar da fiffike gaba ɗaya. A RV-7 ramin fata da ramin haƙarƙarin da ke ƙarƙashinta sun riga sun dace da juna, ta yadda idan ka jera su ka maƙale da 'yan maƙalan wucin gadi da ake kira kiliko, siffar fiffiken da kanta take fitowa a miƙe. Ranar da muka fara maƙale fatar wutsiya muka ga ramuka fiye da ɗari sun hau kan juna ba tare da an ja ko an tura ba, a ranar na yarda cewa wanda bai taɓa aikin jirgi ba zai iya wannan aiki.

Amma dacewar ramuka ba ta rage maka wahalar da ke biye da ita. Kowane rami sai an sake bi ta cikinsa da bakin huda don ya kai girmansa na ƙarshe, a warware kayan, a kankare kaifin bakin ramin gaba da baya, a lotsa shi ya zama ɗan gurbi yadda kan ƙusar ribit zai kwanta daidai da fata, a shafa maganin tsatsa idan ana so, sannan a sake haɗawa a buga. Ƙusoshin nan sun haura dubu goma a jirgi ɗaya, yawancinsu kaurinsu bai kai milimita biyu da rabi ba. Bugunsu aikin mutum biyu ne: ɗaya yana riƙe da bindigar iska daga waje, ɗaya kuma ya cusa hannu ciki yana tokare gindin ƙusar da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, sau da yawa ba ya ma ganin abin da yake tokarewa. Ƙa'idar ita ce gindin ya baje har faɗinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na kaurin ƙusar, tsayinsa kuma ya rage rabin kaurin, kuma akwai ɗan ma'auni da ake gwadawa da shi. Ni ne mai tokarewa a yawancin aikin. A makon farko na karkatar da ƙarfen, gindin ƙusoshi da dama suka kwanta gefe guda, dole muka huda su muka cire. Cire ƙusa ya fi buga ta haɗari, domin fatar abin juya wutsiya kaurinta bai kai rabin milimita ba, kuma da zarar bakin huda ya zame ramin ya faɗaɗa ke nan. Dattijon ya koya mini in huda kan ƙusar kawai, in ɓalle shi da ɗan tsinken ƙarfe, sannan in tura sauran ta baya, kuma tun daga nan ban sake ɓata rami ba.

Tankunan mai su ne wurin da magina suka fi tsoro, kuma da dalili. Gaban fiffiken da kansa shi ne tankin, don haka kowace ƙusa da kowace mahaɗa sai an cika ta da wani gam mai kauri, baƙi-baƙi, mai wari, wanda ake haɗa shi kashi biyu da awon sikeli, kuma yana manne wa duk abin da ya taɓa. Bayan ya bushe sai a toshe kafofin tankin, a ɗaura balan-balan a bakin bututun numfashinsa, a hura iska kaɗan, a bi mahaɗai da ruwan sabulu kamar yadda mai faci ke neman hujin tiyub. Iskar dole ta zama kaɗan ƙwarai, domin matsi mai yawa zai kumbura tankin ya lalata shi. Tankinmu na hagu ya fitar da kumfa a kusurwar bangon baya, daidai inda na yi ƙwauron gam don gudun ɓata wuri, kuma gyaransa ya ci mana mako biyu. Littafin umarnin ya yi gargaɗi a kan wannan kusurwa, ni ne ban ba gargaɗin muhimmancin da ya kamata ba.

Magina suna da wata magana da suke maimaitawa, cewa idan jirgi ya yi kama da jirgi to rabin aikin ne ya rage, kuma duk wanda ya kai matakin kammalawa ya san dalilinta. Littafin umarnin RV-7 yana riƙe hannun mutum mataki-mataki a wutsiya, amma yana rage bayani yayin da ake ci gaba, bisa zaton cewa mai ginin ya ƙware ya kuma iya karanta zane, kuma sananne ne cewa littattafan samfuran da suka biyo baya, irin su RV-12 da RV-14, sun fi shi dalla-dalla. Rumfar gilashin ana kawo ta ne a dunƙule, sai an yanka ta gida biyu, kuma ba a yankan sai ɗakin ya yi ɗumi sosai domin robar gilashin tana tsagewa cikin sanyi. Murfin inji da suturar tayoyi na faiba ne, aikinsu yanka da cikawa da gugar samfefa ne ba iyaka, kuma ba su da wannan dacewa ta alminiyam. Wayarin da bututun mai da na birki kuwa kusan kowane magini da irin nasa, saboda kowa da na'urorin da ya zaɓa. Mu mun sa awa fiye da dubu biyu kafin mu gama, kuma kusan rabinsu a wannan mataki suka tafi.

Akwai abin da mai saye a yau ya wajaba ya sani. A shekarar 2023 ta bayyana cewa wasu sassa da aka ba wani kamfani daban ya huda da hasken leza, maimakon injin naushi da aka saba, suna yin 'yan tsage-tsage a bakin rami idan an lotsa su, domin zafin lezar yana ƙona gefen ramin ya sa shi gautsi. Wannan, haɗe da matsalar tsatsa a wasu sassan da ake haɗawa a Filifin da kuma farashin da bai biyan kuɗin aiki, ya kai kamfanin ga neman kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Disamba na 2023, ya fito daga ciki a 2024 da farashi mai tsada fiye da na da. Kayanmu sun riga wannan lokaci zuwa, saboda haka abin bai shafe mu ba. Kamfanin ya fitar da jerin sassan da abin ya shafa da matsayin kowanne, amma duk wanda zai sayi aikin da wani ya fara ya bari, wanda kayansa suka fito tsakanin 2022 da 2023, to ya nemi takardun ranar da aka aiko su, ya kuma duba ramukan da madubin ƙara girma kafin ya biya.

Dokar Amurka ta yarda a yi wa irin wannan jirgi rajista a rukunin na gwaji muddin masu yi don sha'awa, ba don sana'a ba, su ne suka yi mafi yawan aikin, sannan bayan mai duba na hukuma ya amince, a yi awoyin gwaji a keɓaɓɓen yanki, galibi awa 40, kafin a ɗauki fasinja. Wani gogaggen matuƙi ne ya yi mana tashin farko, kuma a cikin waɗannan awoyi matsaloli biyu suka fito, duka sanannu ne ga masu wannan jirgi. Ta farko zafin kan silinda, musamman ta uku, wadda take baya ta hannun dama. Injin iska ce ke sanyaya shi, kuma iskar da ta shiga ta hancin murfi dole a tilasta mata bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda, in ta sami wata kafa kuwa ta nan za ta gudu. Iyakar da Lycoming ya sa ita ce digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, amma masu son injinsu ya daɗe suna ƙoƙarin tsayawa ƙasa da 205. Muka kashe fitilun rumfar ajiya, muka sa tocila a ƙarƙashin injin, duk inda haske ya ɓullo ta sama muka cike shi da jan gam mai jure zafi, muka gyara robar tare iska ta gefen injin da ta naɗe baya, muka kuma sa ɗan zoben ƙarfe a bayan silinda ta uku don iska ta sami hanyar zagayawa. Zafin ya sauka, ya ƙara sauka bayan zoben fistin sun zauna.

Ta biyu ita ce nauyin fiffike ɗaya, wato jirgin yana son kwantawa hagu idan an saki sandar tuƙi. Maganin da aka sani shi ne a ɗan matse bakin baya na abin karkatarwa da ke fiffiken da ya fi sauƙi, amma ba a fara da shi, domin abin da aka matse ba ya komawa cikin sauƙi. Sai da muka daidaita man tankunan biyu, muka tabbatar suturar ƙafafu ba ta karkace ba, muka sake auna tsayuwar kowane abin motsi na fiffike, sannan muka matse kaɗan da katako biyu da aka naɗe da tsumma, aka tashi aka gwada, aka dawo aka ƙara kaɗan.

Game da sauye-sauye, ra'ayina ya yi tsauri fiye da na magina da yawa. Ƙara fitila ko sauya kujera ba laifi ba ne, sai dai kowane ƙari nauyi ne da ake cirewa daga abin da jirgin zai ɗauka. Sa injin da ya fi wanda aka tsara ƙarfi kuwa wani abu ne daban, domin iyakar gudun jirgin, mil 230 a awa, tana da alaƙa da karkarwar da kan kama fiffike ko wutsiya ta yaga su cikin daƙiƙu, kuma wannan karkarwa ainihin gudun jirgi a cikin iska take bi, wanda a can sama ya fi abin da allurar ma'aunin gudu ke nunawa. Kamfanin ya daɗe yana jan kunne a kan haka, kuma ina ganin gaskiyarsa.

Ƙafar gaba ita ce abin da zan ce mai niyyar sauka a filin ƙasa ko ciyawa ya yi wa dogon tunani. Siririyar sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa, an yi ta don ta riƙe hanci a tafiyar ƙasa, kuma an sami jirage na wannan iyali da ƙafar ta kafe a rami ko ƙasa mai laushi suka kifa, har kamfanin ya fitar da sanarwar sauya cokalin tayar a 2007 don ƙara masa tazara daga ƙasa. Matuƙan da suka san jirgin suna sauka ne a kan tayoyin baya biyu, su riƙe sandar tuƙi a jikinsu har hancin ya sauka da kansa, kuma ko a tafiyar ƙasa ba sa sakinta. Wanda yake tunanin kai irin wannan jirgi gida sai ya haɗa da batun mai, domin injin Lycoming an gina shi ne a kan fetur ɗin jirage na musamman wanda samunsa ke da wuya a yawancin filayenmu, fetur ɗin mota kuma yana saurin zama tururi a cikin bututu idan rana ta yi zafi, ya yanke wa inji mai a lokacin tashi. Kamfanin yana sayar da ɗan kayan gwaji na koyon bugun ƙusa, ƙaramin akwatin ajiye kayan aiki da ake haɗawa da irin alminiyam da ƙusoshin jirgin, kuma da shi nake ba kowa shawarar ya fara kafin ya aika kuɗin wutsiya.