Iri ko dashe? Abin da za a saya don farfaɗo da gangaren dutse a yammacin Amurka

A gangaren duwatsun Aidaho, Nebada, Oregon da Wayomin, tsirrai iri biyu ne ke riƙe da ƙasa. Akwai gajeriyar bishiya mai ganye ruwan toka da ƙamshi mai ƙarfi, Artemisia tridentata, 'yar'uwar tazargade. A tsakaninta kuma akwai ciyayi masu tsirowa dunƙule-dunƙule kamar gamba. Idan gobara ta ci wurin, ciyayin kan sake toho, amma bishiyar ba ta tohowa daga kututture. Sai an dawo da ita ta iri ko ta dashe, kafin Bromus tectorum, baƙuwar ciyawa mai saurin bushewa da kama wuta, ta mamaye fili.

A fara da tantance wace Artemisia gangaren ke ɗauka, domin a nan aka fi yin asara. Nau'in tridentata da ake kira vaseyana na tudu ne mai sanyi, inda ruwa da dusar ƙanƙara suka haura santimita 35 a shekara. Nau'in wyomingensis na ƙasa-ƙasa ne, inda ake samun santimita 20 zuwa 30. Inda ƙasa ba zurfi, dutse na nan kusa da sama, Artemisia nova ko Artemisia arbuscula sun fi dacewa, kuma nova ta fi son ƙasa mai farar ƙasa. A buhu duk kamanninsu ɗaya. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a murje ganye cikin ruwa, a haska da fitilar UV (irin wadda ake gano jabun kuɗi da ita) a cikin duhu. Vaseyana za ta yi haske shuɗi-shuɗi sosai, wyomingensis kuwa da ƙyar ta nuna wani abu. Wanda ya kai irin tudu busasshen kwari zai ga ya tsiro, sannan ya ƙone a ranin farko.

Irin bishiyar ya fi dashe araha nesa ba kusa ba, amma yana da sharuɗɗa. Ƙwayarsa mitsitsiya ce, kusan miliyan 4 ko fiye a kilo ɗaya, kuma yawancin abin da ke cikin buhu ƙaiƙayi ne. Saboda haka kada a duba nauyin buhu, a duba takardar da ke jikinsa. A ninka kason tsabta da kason tsiro. Idan tsabta 12 ce cikin 100, tsiro kuma 80, iri mai rai 9.6 ne kacal cikin 100, wato buhu mai kilo 10 bai kai kilo ɗaya na irin gaske ba. A duba ranar da aka yi gwajin ma, don irin yana saurin mutuwa idan aka ajiye shi a ɗaki mai zafi. Buhu mai takarda ruwan ɗorawa na nuna an tabbatar da inda aka tsinko irin, kuma shi ya cancanci ƙarin kuɗin, muddin tsayin wurin da ruwansa sun yi kama da na gangarenka. Ana watsa shi a saman ƙasa a ƙarshen shekara, ko a kan dusar ƙanƙara. In ya nutse fiye da milimita 3, ba zai fito ba.

A gangare mai tsayi da tsakuwa, mu dashe muka fi yarda da shi. Irin da aka watsa ruwa kan kwashe shi, wanda ya tsaya kuma sai shekarar ta zo da damshi. Dashen da aka raina cikin doguwar roba yana zuwa da ƙasarsa, ya fi jure wahala, sai dai tsada da nauyin ɗauka zuwa sama. Mai tsiraicin saiwa ya fi araha da sauƙin ɗauka, amma saiwar na bushewa cikin mintuna idan iska ta buge ta, kuma tona masa rami a cikin dutse aiki ne. Dukansu ana yin odarsu kusan shekara guda kafin lokaci. Ba sai an cika gangaren ba. A dasa rukuni-rukuni a gindin duwatsu inda ƙanƙara ke daɗewa, a danne ƙasa sosai kada iska ta rage a ramin. Bayan 'yan shekaru su da kansu za su zubar da iri kewaye da su.

Ciyawa kuwa iri ake saye. Ɓangaren da ke fuskantar kudu ya fi zafi da bushewa, Pseudoroegneria spicata ce tasa. Cikin nau'o'inta na kasuwa, Anatone ya fi kamawa a wuri mai ƙarancin ruwa, Goldar na son ruwan santimita 30 zuwa sama a shekara. Secar an daɗe ana sayar da shi a matsayin Pseudoroegneria spicata, daga baya aka gano wata ciyawa ce dabam, Elymus wawawaiensis. Ɓangaren arewa mai sanyi na son Festuca idahoensis. A haɗa da Poa secunda, wadda ke tashi da wuri ta yi wa Bromus gasar damshi. Akwai Agropyron cristatum, baƙuwa daga Asiya, mai araha da saurin kamawa. Tana riƙe ƙasa, amma takan hana 'yan gida wurin zama, don haka wanda ke son bishiyar ta dawo ya bar ta.

Da injin shuka, kilo 7 zuwa 9 na iri mai rai kan isa hekta ɗaya idan Pseudoroegneria ce zalla, a zurfin kamar santimita ɗaya. Inji ba ya hawa irin wannan gangare, sai watsawa da hannu ko ta jirgin sama, a nan kuma ana ninka adadin biyu, a bi da manjagara inda ƙafa za ta iya tsayawa. Tun da zurfinsu ba ɗaya ba ne, a saya irin ciyawa da na bishiya a buhu dabam-dabam. A lissafin kuɗi kuma a sa shinge, domin dabbobi za su haƙura da wurin aƙalla shekara biyu.