An haifa mana yaro ba dubura a Ingila

Ko awa biyu ba a yi da haihuwar ɗana ba, a wani asibiti a Manchesta, ungozoma ta kifa shi ta duba, ta yi shiru, ta kira likita. Babu ƙofar dubura. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata.

Likitar ta zana mana hanji a takarda, ta ce cikin jarirai kamar 5,000 akan samu ɗaya haka, kuma sai an duba zuciya da ƙoda da ƙashin baya, don lalurar takan zo da 'yan rakiya. Washegari aka fito da hanjin ta gefen ciki, kashi na zuba a 'yar jaka.

A nan na kunyata kaina. Na tare nas a baranda, hannu a aljihu, na ce ta rubuto abin da zan sayo, safar hannu da ruwan ƙari da zaren ɗinki, ta kuma nuna min inda ake biya. Ta tsaya tana kallona. Ashe kuɗin lafiyar da na biya wajen biza ina ƙorafi ya wadatar. Jakunkunan ma har ƙofar gida ake kawowa, kwali guda. Na tuna wata maƙwabciyarmu a Kano da ke ɗaure cikin ɗanta da tsumma, fatar duk ta saɓule.

Yana wata huɗu aka yi babbar tiyatar, irin wadda likitan tiyatar yara Alberto Peña ya fito da ita a 1982: a tsaga ta baya, a jawo hanji a zaunar da shi tsakiyar naman da ke riƙe bayan gida. Sai faɗaɗa ƙofar da ɗan ƙarfe, safe da yamma, uwar na kuka ni ina riƙe ƙafafu. Babu kaka, babu gwaggo. Ranar suna mu huɗu ne a falo. Tiyatar mayar da hanjin cikin ciki kuwa sau biyu ana ɗaga ranarta, ka buga waya na'ura ta yi ta maka kiɗa.

Likitocinmu na Zariya da Kano suna wannan aikin sarai. Mu ne ba ma kai yaro sai ciki ya kumbura, an gama da wanzami da rubutu. Da na faɗa wa Inna, cewa ta yi kada dangi su ji. Na ce mata sai dai ta yi haƙuri, na riga na faɗa wa Yaya, don matarsa watanta tara, ta sa a juya jaririn a duba tun kafin wankan farko.