Sharhi: inbata mai 3kVA da batirin litiyam a gaban guguwar daminar Kaduna

Kayan da nake magana a kansu su ne waɗanda masu shagunan sola suka fi haɗa wa mai matsakaicin gida a Kaduna yanzu: inbata mai 3kVA da ke aiki da bolt 24, mai cajar sola a cikinta, da batirin litiyam ɗaya mai 100Ah, da farantan sola biyu masu wat 550 kowanne. Na yi aiki da su tun daga zafin bazara har ƙarshen damina. Ba zan kama sunan kamfani ba, domin da yawa daga cikin inbatocin nan cikinsu kusan ɗaya ne, tambari ne ya bambanta.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin da ake kunnawa da lissafi. Sai kuma Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Daga nan mutane suka ruga sayen sola, wasu ba tare da sanin me suke saye ba. A ganina kayan sun ci kuɗinsu. Suna riƙe gida a ranakun da iska ta kayar da falwaya, amma da sharaɗi biyu: a ɗaure su yadda ya kamata, kuma mai gida ya san adadin wutar da ke cikin batirinsa.

A fara da batirin, tunda nan ake yawan ruɗa mutane. Mai shago zai yi ta nanata maka 3kVA, alhali wannan lambar tana nufin nauyin da inbata za ta iya ɗauka lokaci guda ne kawai. Tsawon lokacin da za ka samu wuta yana hannun batir. Batirin nan bolt 25.6 ne, a ninka da 100Ah ɗinsa, ya ba da 2,560Wh, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 2,560 na awa ɗaya. Abin da za ka iya ja ba tare da ka wahalar da shi ba kusan 2,300 ne. Yanzu ɗauki dare ɗaya na gida mai ɗaki uku. Fankar tsaye biyu masu wat 55, awa goma, sun ci 1,100. Ƙwan fitila shida masu wat 9, awa huɗu, 216. Talabijin da dikoda wat 65, awa huɗu, 260. Cajin wayoyi, a ce 60. Ƙara kashi goma cikin ɗari na abin da ke zubewa wajen sauya wutar batir zuwa ta gida, ka kai kusan 1,800. Sannan ga abin da ba mai faɗa maka a shago: inbatar kanta tana shan wat 30 zuwa 40 ko da ba a kunna komai ba, wato wajen 400 daga magariba zuwa wayewar gari. Jimla 2,200. Batirin ya kai asuba da ƙyar, kuma ba a sa firiza a lissafin ba.

Shi ya sa duk wanda ya bar firiza a kunne cikin dare zai ji inbata tana kuka wajen ƙarfe uku, ya tashi yana zargin an sayar masa da jabu. Firiza mai lita 200 tana cin wat 100 zuwa 150 in injinta na juyawa, kuma a daren zafi takan yi rabin lokacin tana juyawa, wato wajen 700 ke nan da babu su a asusu. Dabarar da ta yi aiki ita ce a kunna ta daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma, lokacin da faranti ke ciyar da ita kai tsaye, a cika duk wani gurbi da ke cikinta da ledojin fiya wata su daskare. Wannan ƙanƙarar ce ke riƙe nama har gobe. Abu na biyu da ya fi komai sauƙaƙa dare shi ne sauya fanka. Fankar caji mai aiki da wutar batir kai tsaye tana cin wat 15 zuwa 25, ƙasa da rabin ta tsaye. Kuɗin fanka biyu irin wannan bai kai kusa da kuɗin ƙarin batir ba.

Dutsen guga, hita da butar lantarki, a manta da su da dare. Da tsakar rana mai haske inbata takan ɗauki dutsen guga, amma na'urar tsaron da ke cikin batirin tana yanke wuta in an ja fiye da amfiya 100, kusan wat 2,400 ke nan. In injin jawo ruwa ya tashi daidai lokacin da firiza ke tashi, su biyun suna fizgar ninki uku ko fiye na abin da suka saba ci na 'yan daƙiƙu, sai gida ya yi ɗif. Ba lalacewa ba ce, a kashe ɗaya a sake kunnawa.

Inda kayan suka fi nuna halinsu shi ne farkon damina, ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, lokacin da hadari ke haɗowa daga gabas da iska mai ƙura kafin ɗigon farko ya sauka. Ita ce iskar da ke karya rassan darbejiya da mangwaro a kan wayoyi a Unguwar Rimi da Malali, ta yaye kwano a Rigasa da Hayin Banki. Farantin wat 550 ya haura mita biyu a tsayi, faɗinsa mita ɗaya da ɗoriya, nauyinsa kuma bai kai kilo 30 ba. In iska ta sami hanyar shiga ƙarƙashinsa, ɗaga shi take yi. Duba rufin unguwa bayan guguwa, za ka ga farantan da suka tashi galibi waɗanda aka ɗaure da wayar ɗaurin rodi ne, ko aka buga musu ƙusa a jikin kwano zalla. Kwano ba ya riƙe komai. Ɗaurin kirki shi ne a shimfiɗa dogayen sandunan alminiyam biyu, a kafa ƙafafunsu da sukuru mai roba da ya ratsa kwano ya shiga katakon rufi, sannan a matse faranti da maɗauri huɗu aƙalla. A bar ratar yatsu huɗu ko biyar a ƙasa don iska ta riƙa sanyaya shi, a kuma janye shi rabin mita daga bakin rufi, musamman gefen gabas, domin a gefe da kusurwa iska ta fi ƙarfi. In katakon ya ci gara, a sauya shi tukuna, in ba haka ba faranti da kwano tare za su tafi gidan maƙwabci. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti ya kalli kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15. Wannan karkatar ta isa ruwa ya wanke shi da kansa.

Haɗari na biyu ta waya yake zuwa. Ba sai aradu ta faɗo a gidanka ba, in ta sauka nesa a kan layi tana iya turo wuta mai ƙarfi ta ƙona allon inbata. Mafi muni shi ne lokacin da aka dawo da wuta bayan gyara. In wayar nutural ta tsinke ko ta saki a falwaya, gidan da ya saba samun bolt 230 zai iya samun kusan 400, maƙwabcinsa kuma ƙwayayen fitilarsa na ja kamar garwashi saboda ƙarancin wuta. Abu uku ke kare wannan, kuma ba su zo cikin kwali ba, sai ka saya daban: na'urar tare aradu a layin faranti da kuma layin nefa, na'urar da ke yanke wuta in ta haura bolt 260 ko ta sauka ƙasa da 170, da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa mai danshi aka haɗa ta da jikin inbata da sandunan faranti. In ba sandar ƙasa, na'urar tare aradu ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tara. Masu haɗi da yawa suna tsallake wannan don farashinsu ya yi daɗin ji. Wannan shi ne babban ƙorafina a kan yadda ake sayar da kayan, da kuma littafin da ke cikin kwalin, wanda bai yi bayanin komai yadda mai gida zai gane ba.

Makunnin sauya layi ma dole ne ya zama na gaske, mai raba gida da layin waje ɗungurungum. Bayan iska, 'yan unguwa kan yi karo-karo a kira mai hawa falwaya. Gidan da aka yi wa haɗin ganganci zai iya tura wutar inbata zuwa wayar da ake zaton matacciya ce, mutum na riƙe da ita.

Da safe bayan guguwa, kafin a taɓa komai a duba rufi daga ƙasa: faranti ya goce, ko waya na lilo? In gilashinsa ya tsage, a kashe birekarsa, domin tsagaggen faranti da ya jiƙa yana iya jan mutum. In za a kwance kayan, layin faranti ake fara cirewa, sannan batir. In za a mayar, batir ne farko. Mahaɗan wayar faranti kada a bar su kwance a kwarin kwano inda ruwa ke gudu, a ɗaure su a jikin sanda. Masu zama kusa da kogi, irin su Kigo Road da ɓangarorin Kabala, su kafa inbata da batir a bango, sama da mita ɗaya daga ƙasa.

Watan Agusta ne raunin kayan. A ranar da sama ta washe, farantan biyu suna kawo wajen 4,000Wh, batir ya cika kafin azahar. In marka ta zauna, a kwana biyu ko uku ba a ga rana ba, abin da ke shigowa yakan sauka zuwa sulusi ko ƙasa da haka. Sauƙin shi ne gari ya yi sanyi, fanka ba ta zama dole ba, sai a juya wutar ga firiza. Wanda ke da hali ya ƙara faranti kafin ya ƙara batir, amma ya karanta takardar da ke manne a jikin inbatarsa tukuna. Faranti biyu da aka jona wayar ɗaya da ta ɗayan a jere suna ba da kusan bolt 100 in ba a jan wuta daga gare su. Akwai inbatocin da ba sa farkawa sai sun ga 120, akwai kuma waɗanda iyakarsu ba ta wuce 100 da kaɗan ba. Wannan rashin dacewar ce ke sa a ga rana tsaka amma allo na nuna sifili.

Cefane ma yana bin wannan lissafin. Firiza cike, in ba a buɗe ta, tana riƙe sanyi kusan kwana biyu. In rabi ce, kwana ɗaya. Firij na tsaye kuwa awa huɗu ne kawai. Don haka daga Mayu zuwa Satumba ba dabara ba ce a ciko bokiti da nama daga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko a kwaso kifi ɗanye mai yawa ranar Talata a Kawo. A saya kaɗan, a rarraba a ƙananan ledoji yadda za a ɗauki na yini ba tare da an daɗe da murfi a buɗe ba. Tumatir da tattasai a niƙa a tafasa su kafe kafin a sa. Naman da ya narke ya ɗumama, a duba shi da kyau, in akwai shakka a zubar, kada a sake daskarar da shi.

Masu dabbobi su lura da abu biyu. Mage tana son ɗumin da ke fita daga inbata, takan kwanta a kanta, gashinta ya toshe fankar ciki har na'urar ta riƙa kashe kanta saboda zafi. Kare kuma in tsawa ta firgita shi yakan kutsa lungu ya tauni abin da ya samu, ɓera ma haka. A sa wayoyi cikin bututun roba, a rufe wurin da raga mai barin iska, wadda za ta hana tsaka shiga ta haɗa wuta a kan allo. Masu kiwon kaji kuwa, rigakafin Lasota da Gumboro suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. Tsarin kashe firiza da dare bai dace da ajiye su ba, gara a saya ranar da za a bayar, a ɗauko su cikin kula da ƙanƙara. Ɗumama 'yan tsaki da ƙwan wat 100 ko 200 zai shanye batirin kafin asuba, gawayi ya fi.

Idan aka kwatanta da batir mai ruwa guda biyu masu 220Ah, wutar da za ka iya ja kusan ɗaya ce, tunda su rabi kawai ake ja. Sun fi araha a ranar saye, amma kowanne ya kai kilo 60, suna neman ƙarin ruwa duk bayan wata biyu ko uku, kuma marka na kashe su domin ba sa jure kwana ba cike ba. Litiyam bai damu da wannan ba. Abin da yake so shi ne a saita inbata daidai: cikar caji a bolt 28.4, riƙo bayan ya cika a 27, yankewa a 24, a kuma kashe tsarin daidaita caji na batir mai ruwa. In aka bar shi ya zube ƙurmus yakan kulle kansa, wasu inbatocin kuma ba sa iya tashinsa sai nefa ta dawo. Wayar da ke tsakaninsa da inbata ta zama tagulla mai kaurin 25mm² ko 35mm², kada ta wuce mita ɗaya da rabi.

Akwai batiran litiyam da aka cusa wa tsofaffin ƙwayoyin batir a kasuwa. Na gaske mai wannan girman yakan yi kilo 22 zuwa 28, wanda ka ɗaga da hannu ɗaya ba wahala abin tuhuma ne. A makon farko a cika shi, a kashe faranti da nefa, a ɗora masa nauyin wat 500. Ya kamata ya yi kusan awa huɗu. In ya mutu a awa biyu da rabi, a mayar da shi tun rasit bai tsufa ba. Kafin a biya kuɗi a sa mai shago ya rubuta shekarun garanti da lambar batirin a jikin rasit, a kuma tambaye shi ƙarara ko garantin ya haɗa da ƙonewar aradu, domin galibi bai haɗa ba.